Na'urar buga rasit a shago: yadda ake haɗa ta, da abin da ke goge rubutunta a Duwala

A watan Agustan bara, lokacin da ruwan Duwala ke wuni yana zuba, kawuna mai sayar da shinkafa da mai da sukari a Bonaberi ya aiko a kira ni in raba masa gardama. Wani mai ƙaramin shago da ke ɗaukar kaya bashi a wurinsa ya ce ya riga ya biya rabin kuɗin, kawu ya ce bai kai rabi ba. Kowannensu ya ce yana da rasit. Mutumin ya zaro nasa daga cikin ledar da yake adana katin shaidarsa, kawu ya ciro nasa daga ƙusar da yake soke takardu a jikin bango. Duka biyun sun koma fari fat, sai dishi-dishin sunan shago a can sama.

"To ɗana, kai ka sa na sayi abin nan," in ji kawu. "Karanta mana."

Ban iya karanta ko lamba ɗaya ba. Wayar da aka buga rasit ɗin da ita kuwa, tun watan Mayu aka fizge ta daga hannun yaron shago a kan benskin, kuma ba wanda ya taɓa adana lissafin da ke cikinta a wani wuri. Dattawan masallaci ne suka sasanta su, aka raba bambancin gida biyu. Kawu bai ji zafin kuɗin ba kamar yadda ya ji zafin rasa abokin ciniki na shekara takwas, domin mutumin bai sake dawowa ba.

Laifin nawa ne. Na haɗa masa na'urar, na koya wa yaronsa inda zai danna, amma ban gaya musu cewa rasit ɗin da take fitarwa shaida ce ta ɗan lokaci ba. Tun zamanin Jamusawa Hausawa ke fatauci a Duwala, kuma a New Bell da sauran unguwanninmu amana da littafin bashi ne suka riƙe ciniki. Yanzu na'urar buga rasit, wadda masu Faransanci ke ce wa imprimante, tana shiga shaguna daga Marché Central da Marché Congo har Mboppi da tsallaken gadar Wuri, wasu kuma sun fara jefar da littafin. Ga abin da ya kamata in faɗa wa kawu tun ranar farko.

Babu tawada a cikinta

Duk wanda ya buɗe murfinta zai ga babu kwalbar tawada, babu kirtani. Sirrin yana jikin takardar. An shafe fuskarta ɗaya da sinadarin da ke yin baƙi idan zafi ya taɓa shi. A cikin na'urar akwai wani siririn layi mai ƙananan ɗigo-ɗigo masu ɗaukar zafi, guda 8 a kowace milimita, takardar tana wucewa ta kansu suna ƙona mata haruffa. Shi ya sa ba ta cin kuɗin tawada, ba ta da ƙara, kuma ba ta cika lalacewa ba. Shi ne kuma ya sa rubutunta ba ya daɗewa, za mu zo kan wannan.

Iri biyu aka fi samu, gwargwadon faɗin takarda. Mai milimita 58 ƙarama ce, yawanci da batir a cikinta, tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, kuma layinta ɗaya yana ɗaukar haruffa 32. Mai milimita 80 ita ce ta kan teburi irin ta manyan kantuna da shagunan magani, tana ɗaukar haruffa 48 a layi, wasu 42, tana da wuƙar da ke yanke takarda da kanta, amma sai da wutar lantarki. Akwai kuma na hannu irin na kamfanin Sunmi, waɗanda waya da na'urar bugawa suke a jiki ɗaya.

A ganina mai shagon unguwa, da mai gidan abinci, da mai kai kaya gida-gida, ƙaramar ta ishe su, musamman a garin da wuta kan ɗauke ba sallama. Mai sari da ke rubuta kaya iri goma sha biyar a rasit ɗaya, shi ne mai bukatar babbar, domin a haruffa 32 da ƙyar sunan kaya da yawansa da kuɗinsa za su shiga layi guda.

Masu karatu na Najeriya su lura, abin da ake ce wa POS a Kano ko Zariya, wato na'urar cirar kuɗi da kati, wadda a Kamaru da Nijar ake kira TPE, wani abu ne daban. Takardar da take fitarwa tana nuna cewa kuɗi ya fita daga asusu, ba ta nuna abin da aka saya. Irin takardar ce dai ɗaya, kuma duk abin da zan faɗa kan gogewar rubutu ya shafe ta.

Kafin ka biya kuɗi

Ko a shagunan kwamfuta na Akwa ka saya, ko wani ya taho maka da ita daga Dubai ko Guangzhou, kada ka karɓa sai an yi mata gwajin kanta a gabanka. A yawancinsu hanyar ɗaya ce: a kashe ta, a danne maɓallin da aka rubuta FEED, a kunna ta ana danne da shi, sannan a saki. Za ta fitar da doguwar takarda mai bayanin kanta. Ka duba rubutun da kyau. Idan ka ga farin layi siriri ya ratsa daga sama har ƙasa, mai yiwuwa ɗaya daga cikin ɗigon nan ne ya ƙone, kuma ba a gyara shi sai an canza kan bugawar gaba ɗaya. Wannan ya fi faruwa a na hannu. Ka ɗauki hoton takardar gwajin, domin a jikinta ake samun lambar sirrin Bluetooth da adireshin na'urar da tsarin haruffan da take aiki da shi.

Ka tambaya ko tana jin ESC/POS. Wannan shi ne yaren umarni da kamfanin Epson na Japan ya ƙirƙiro, wanda kusan duk masu ƙera irin waɗannan na'urori, har da Xprinter da sauran na Sin, suke bi. Wadda take jin sa za ta yi aiki da yawancin manhajojin ciniki. Idan iPhone kake riƙewa, ka gwada a wurin, domin da yawa cikin masu arahar ba sa jituwa da ita. Da Android ba a cika samun matsala ba.

Sa takarda abu ne mai sauƙi, amma shi ne ya fi kai mutane wurin mai gyara a banza. Idan aka juya naɗin, na'urar za ta yi ta fitar da farar takarda kamar ta lalace. Ka karce takardar da farce: fuskar da ta yi baƙin zane, ita ce za ta kalli kan bugawa. Ka jawo bakin takardar ya ɗan leƙo waje, ka rufe murfin har sai ka ji ya yi ƙas. Girman naɗin ma a duba, ƙananan na'urori sun fi cin 57 × 40, manyan kuma 80 × 80.

Haɗa ta da waya, sai a shiga Bluetooth a nemi sunanta, a sa lambar sirri, wadda galibi 0000 ce ko 1234. Daga nan a koma cikin manhajar ciniki a zaɓe ta, a nuna faɗin takarda. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su ce ba ta aiki, alhali sun haɗa ta da wayar ne kawai ba su zaɓe ta a manhaja ba. Loyverse tana cikin manhajojin da ake samu kyauta, tana da Faransanci, tana kuma ci gaba da karɓar ciniki ko intanet ta yanke. RawBT kuma tana taimaka wa wayar Android ta aika rubutu ko hoto zuwa na'urar. A san cewa yawancin ƙananan suna jin waya ɗaya ce a lokaci guda, idan ta maƙale wa wayar yaron shago, taka ba za ta same ta ba.

Da kwamfuta kuwa, a saka manhajar haɗi, wadda masu gyara ke kira pilote ko direba, kafin a sa wayar USB. Inda ake son teburi biyu ko uku su yi amfani da na'ura ɗaya, kamar gidan abinci mai kicin a baya, sai a haɗa ta da akwatin intanet a ba ta adireshi tsayayye, ƙofar da take karɓar aiki kuma 9100 ce. In ba a tsayar da adireshin ba, duk ranar da wuta ta ɗauke ta dawo yana iya canzawa. A bayan manyan akwai wata ƙaramar kafa mai kama da ta tarhon gida. Ta durowar kuɗi ce, wadda ke buɗewa da kanta idan an buga rasit, kada a sa mata layin tarho.

Maganar wuta gajeriya ce. Ka yi amfani da cajar da ta zo da ita. Manyan yawanci bolt 24 suke ci, ƙananan ƙasa da haka, kuma cajar da bakinta ya shiga ba lallai ta dace ba. Mai babbar na'ura ya sa ta a bayan onduleur tare da kwamfuta, domin dawowar wuta da ƙarfi ta fi ɗaukewarta ɓarna.

Abin da za a rubuta a kai

A sama: sunan shago, unguwa, lambar waya. Sai kwanan wata da lokaci da lambar rasit mai bin juna. Ka saita agogon wayar da kyau, domin rasit mai kwanan wata na ƙarya ba ya raba gardama. Sefa ba ta da ɓarɓashi a ciniki, saboda haka a cire sifili biyun da manhajojin ke sawa bayan ɗigo, kar 1500 ta fito 1500.00 tsohuwa ta ɗauka an ninka mata kuɗi. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram da suka saba lissafi da dala su tuna na'ura faran take ƙirgawa: dala ɗari, 500 za a rubuta.

Wanda ya yi rajista ya sa lambarsa ta haraji, NIU, wadda hukumar haraji ta DGI ke bayarwa, da lambar rajistar kasuwanci ta RCCM. Amma a yi hattara da TVA. A Kamaru kashi 19.25 cikin ɗari ne, wato kayan 10,000 su koma 11,925, kuma waɗanda ke ƙarƙashin tsarin régime du réel ne ke karɓar sa, masu cinikin da ya kai miliyan 50 a shekara. Na ga ƙananan shaguna da rasit ɗinsu ke nuna TVA don kawai wanda ya haɗa musu manhajar ya kunna shi ya yi kyau a ido. Wannan jawo wa kai magana ne, ka rubuta da hannunka cewa ka karɓi kuɗin gwamnati alhali ba ka kai mata ba. Haka kuma ma'aikacin kamfani daga yankin masana'antu na Bonaberi da ya zo sayayya don ofishinsu, facture zai nema mai ɗauke da sunan kamfanin da NIU ɗinsa, ɗan tikitin kes ba zai wadatar da akawunsu ba.

A wasu ƙasashe abin ya wuce nan. Benin ta fara aiki da facture normalisée a 2020, Nijar kuma ta bi da facture certifiée a 2021. A can, ga waɗanda dokar ta shafa, rasit ba ya zama karɓaɓɓe sai ya bi ta tsarin hukumar haraji ya fito da lambar tantancewa da alamar QR. Na'urar da ka saya a kasuwa ba ta ba da wannan da kanta. Mai shago a Kwatano ko Yamai ya fara zuwa ofishin haraji kafin shagon kwamfuta.

Sai maganar haruffa, wadda ta fi damuna a matsayina na malami. Waɗannan na'urori suna da rumbun haruffa a cikinsu, kowane rumbu da lambarsa. Idan na'ura tana kan rumbu ɗaya manhaja tana kan wani, kalmomi irin su café da pâtes da maïs sai su fito da alamar tambaya ko wasu zane-zane. Maganinsa a sa dukansu biyu a kan PC858 ko WPC1252, waɗanda ke da haruffan Faransanci. Amma namu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, babu su a waɗannan rumbunan ko ɗaya. Ka rubuta ɗanyen mai ko ƙwai, ta fitar maka da shirme. Hanya biyu ce: ko ka haƙura ka rubuta su ba lanƙwasa, ko ka sa manhajar ta aika rasit ɗin a matsayin hoto, wanda ke fitar da kowane harafi daidai amma ya fi jan lokaci da cin batir. Ni abin da nake yi wa mutane shi ne in mai da sunan shago da gaisuwar ƙasa hoto, sauran a bar su yadda suke. Da haka ake iya sa ajami ko Larabci ma ba tare da haruffan sun rarrabu ba. A Bonaberi, inda masu Ingilishi da Pidgin suke da yawa, sunayen kaya gajeru da kowa ya sani sun fi doguwar fassara amfani. Amma "Mun gode, sai kun dawo" a ƙasan rasit ba ya cin komai, kuma na ga fuskar dattijon da ya karanta shi.

Me ke cinye rubutun

Sinadarin da zafi ya mayar baƙi bai mutu ba, yana nan yana amsa duk abin da ya taɓa shi. Hasken rana yana koɗar da shi. Zafi mai yawa yana baƙanta takardar gaba ɗaya, kamar wadda aka bari a gaban mota ko kusa da murhu. Mai, da turare, da man shafawa, da ruwan tsabtace hannu mai giya suna narkar da rubutun. Leda mai laushi irin ta adana kati da salatif suna shanye shi a hankali, wanda shi ne ya faru da rasit ɗin abokin cinikin kawu. Sai laima. Duwala tana cikin biranen da suka fi samun ruwan sama a Afirka, sama da milimita 3,000 a shekara, kuma daga Yuni zuwa Oktoba ko tufafi ba sa bushewa sosai. Takarda mai kyau da aka ɓoye a wuri mai sanyi da duhu tana iya kai shekaru. Mai araha da ke rataye a ƙusa cikin shagon kwano, 'yan watanni ne. A Marwa ko Agadas rana da zafi ne za su yi aikin da laima ke yi a nan.

Ga kuma doka. Ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, ciki har da Kamaru da Nijar da Chadi da Benin da Togo da Gabon, sun wajabta wa ɗan kasuwa ya adana littattafan lissafinsa da takardun shaidarsu na shekara 10. Takardar da ba ta kai damina biyu ba, ba za ta cika wannan sharaɗi ba.

Saboda haka lissafin gaskiya ya zauna a wani wuri. Ka buɗe asusun manhajar da adireshin imel naka, kai mai shago, ba na yaronka ko na wanda ya haɗa maka ba, ka kuma tabbatar wayar tana shiga intanet ko sau ɗaya a yini don ciniki ya hau ma'ajiya. Da an yi haka, satar wayar kawu da ba ta tafi da lissafinsa ba. Duk rasit mai nauyi, na sari ko na garanti, a ɗauki hotonsa ranar da aka buga shi ko a yi masa fotokofi. Bashi kuwa, ban yarda a bar shi ga na'ura kaɗai ba. A rubuta shi da biro a littafi mai kabon, da lambar rasit a gefe, mai karɓa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa. Haka ma ragowar canji da ake bin shago saboda ƙarancin tsaba: a rubuta da biro a bayan takardar, ba a fuskar da ke gogewa ba.

Wani abin da na'urar ba ta sani ba shi ne ko an biya ka. Abin da aka danna mata take bugawa. Idan mai saye ya ce ya turo ta Orange Money ko MTN Mobile Money, a duba asusun shago a ga kuɗin ya shigo kafin a buga rasit mai cewa an biya. Saƙon da ya nuna maka a wayarsa ba hujja ba ne, ana ƙirƙirar irinsa.

Kula da ita ba wuya. Idan rubutu ya fara yin dishi-dishi, a fara duba batir, sai takarda, sannan datti. A kashe ta, a bari ta huce, a goge kan bugawa da auduga da ɗan alkol na shagon magani, a bari ya bushe kafin a rufe. Kada a kankare shi da allura ko reza. Idan takarda ta maƙale a wuƙa, kada a fizge ta, yawancin manyan suna da ɗan gargare a ƙarƙashin murfin gaba da ake juyawa da yatsa wuƙar ta koma. Masu sayar da gari da siminti su rufe ta da ƙyalle, kowa kuma ya rufe ta da dare saboda kyankyasai, waɗanda ke son ɗumin cikinta.

Akwai kuma batun lafiya. Takardu da yawa suna ɗauke da sinadarin bisphenol A, wanda ke iya shiga jiki ta fata. Tarayyar Turai ta taƙaita shi a irin wannan takarda tun Janairun 2020, Faransa kuma tun 1 ga Agustan 2023 ta daina buga tikitin kes kai tsaye sai mai saye ya nema, don rage shara. Naɗin da ke zuwa kasuwanninmu ba kowanne ke faɗin abin da ke jikinsa ba. Wanda ke wuni a kan kes ya wanke hannu kafin cin abinci, kada ya taɓa takardar da hannu mai jiƙe da ruwan tsabtace hannu, kada kuma a ƙunshe goro ko tsire ko alewar yara a cikinta.

Kawu bai jefar da na'urarsa ba. Yanzu bayan sallar magariba yaron yana buga jimillar cinikin yini, kawu ya kwafe ta da biro a babban littafi, ya sa kwanan wata. Sababbin naɗin takarda kuma suna cikin bokiti mai murfi a saman kanta, domin ruwan bara ya shiga shagon har idon sawu ya jiƙa masa kwali guda da ke ƙasa.